Motar da Ba Ta Shan Mai, Sai Dai Ta Sansana

Duk wanda ya zauna a tashar Wagini ranar kasuwa ya saurari masu motoci, zai rantse cewa fetur ɗin da ake saukewa a ƙasar Batsari da Safana aljanu ke shanye shi. Babu motar da ke sha. Ta wannan sansanawa kawai take yi. Ta wancan, in ka zuba mata na dubu biyar sai ka manta hanyar gidan mai. Na ukun kuwa ya je Katsina ya dawo allurar geji ba ta ko motsa ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin allurar ta rasu tun a hannun mai motar na biyu.

Mutumin wajenmu zai iya amsa cewa gonarsa ba ta yi kyau bana ba. Zai iya amsa cewa ɗansa ya faɗi jarrabawa. Amma ya buɗe baki cikin majalisa ya ce motarsa tana shan mai, wannan tonon asirin gida ne. Wuri biyu kaɗai shari'a ta yarda a faɗi haka: gaban bakanike, da lokacin da fasinja ya nemi ragin kuɗin mota. A nan ne za ka ji direban da ya gama cika baki ɗazu ya marairaice: "Haba Baba, ka san yadda mai yake, ita kuma motar ga ba ta da imani." Mota ɗaya, direba ɗaya, tsakanin maganganun biyu ko shayin da ya sa a haɗa masa bai huce ba.

Abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne babu mai aunawa. Mu da naira muke lissafin mai, ba da lita ba, ita kuwa naira ba ta zama wuri ɗaya. A ƙarshen watan Agusta na 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro a Jihar Katsina, an hana sayar da fetur a jarka, aka kuma ce a ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, gidajen mai ƙalilan ne za su sayar, kuma kada a zuba wa mota fiye da na naira 5,000. Mutane suka yi ta ƙorafin an takura su. A lokacin lita tana wajen naira 165, wato na dubu biyar ɗin nan kusan lita 30 ne, fiye da rabin tankin Golf. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Na dubu biyar ya koma bai kai lita 5 ba. Lita 30 ɗin da doka ta taƙaita mutane a kai jiya, yau sai mai hali ke zuba su don nuna isa. Duk da haka akwai wanda ya kai motarsa gareji yana faɗa: da na dubu biyar ke kai shi Katsina ya dawo har ya leƙa Ruma, yanzu ko rabin hanya ba ya kai, lallai bakanike ya taɓa wani abu, ko kuma maƙiya sun sa hannu.

Shi kansa man, in a bakin hanya aka saya wurin 'yan bumburutu, galan ɗin da ake cewa lita 4 ne sau da yawa gindinsa ya sha ruwan zafi ya lotsa ciki. Lissafin da aka fara da irin wannan galan, aka biyo da shi ta matacciyar allura, aka ƙare shi a agogon kilomita da dillalin Kwatano ya mayar baya, ko malamin lissafi na jami'ar Dutsin-ma ba zai fitar da amsarsa ba.

Kada dai a ce mu kaɗai ne. Su ma masu ƙera motocin 'yan majalisar ne, sai dai tasu majalisar tana da takarda da hatimi. Alƙaluman shan mai da suke bugawa a ɗakin gwaji ake samo su, ba rami, ba ƙura, ba buhu. Cibiyar bincike ta ICCT ta bi diddigi a Turai, ta gano cewa ratar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da mota ke sha a kan titi ta tashi daga ƙasa da kashi 10 cikin 100 a 2001 zuwa wajen kashi 40 a 2016, har aka sauya tsarin gwajin a 2017. A watan Afrilu na 2016 kuma kamfanin Mitsubishi na Japan ya fito ya amsa cewa ya yi wasa da alƙaluman shan mai na ƙananan motoci 625,000. Shugaban kamfanin ya sunkuya ya ba da haƙuri, daga baya ya sauka daga kujerarsa. Dillalinmu da ya yi irin wannan ƙaryar, la'ada yake karɓa, har a yi masa addu'a.

To, a ɗauka ma Bajamushe ya faɗi gaskiya game da Golf 3, wadda ya fara ƙerawa a 1991. Mutum 5 ya lissafa, da 'yar jakar tafiya. Bai san za ta yi ritaya a ƙasarsa ta zo ta kama aiki na biyu tsakanin Wagini da Batsari ba: biyu a gaba, huɗu a baya, yaro a cinya ba ya cikin ƙidaya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhunan rogo, ga akuya tana kallon inda aka baro. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane ƙarin kilo 45 yana cin wajen kashi 1 cikin 100 na tafiyar da mai zai yi, kuma abin ya fi tsanani ga ƙaramar mota. Buhun masara guda ya ci biyu ke nan. Maganin da muka samo wa wannan shi ne a ƙara sifirin, a cusa roba a shokazoba, bayan motar ya ɗaga sama. Da ta daina zama a ƙasa sai a ce ta samu lafiya, a ƙara buhu biyu.

Amma asalin aikin a gareji ake yin sa, kuma yana da tsari, mataki bayan mataki.

Ranar da mota ta iso, kafin a wanke ta ma, bakanike zai cire mata tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa har kashewa. Hujjarsa ba ta sauyawa: "Alhaji, wannan don ƙasar ƙanƙara aka yi shi." Shi kuwa injin an tsara shi ne ya yi aiki da zafin da ya kai wajen digiri 90, a Jamus yake ko a Safana. In aka hana shi kai wa nan, musamman da safiyar hunturu, birenbos, wato kwamfutar motar, sai ya ɗauka har yanzu ba a gama ɗumama ba, ya ci gaba da ƙara mai, ya yi ta ƙarawa har a kai Katsina. Abin da ke sa motar zafi tun farko, wato lagireton da ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya, yana nan ba wanda ya tambaye shi.

Mataki na biyu indomi. Abin nan ne mai ramuka da ke cikin salansa yana tace hayaƙi. Za a ce maka shi ke shaƙe motar, a cire ta sha iska. Abin da ba za a ce maka ba shi ne akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, irin su filatinam, kuma akwai masu saye da kuɗi mai kauri. Shi ya sa wannan ne kaɗai aikin da ake yi maka da fara'a, wani lokaci har a yafe kuɗin hannu, wani lokacin ma a yi maka shi ba tare da an dame ka da labari ba. Garin fasawa da walda, sensar da ke sansana hayaƙi tana gaya wa birenbos yawan man da ya dace takan tafi ita ma. Daga nan birenbos ya koma aiki da zato, kuma zatonsa kullum wajen ƙari yake karkata. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa za ta kama a gaban direba tana ƙorafi. Wannan ma an samo maganinta: a liƙe ta da baƙin salatif, ko a manna hoton ɗan takara a kai.

Mataki na uku shi ne wanda ke ba ni mamaki har gobe. Motar ta fara shan mai, tana hayaƙi, tana shaƙewa, duk sakamakon matakai biyun farko. Sai a yanke hukunci cewa laifin injekta ne, a cire shi gaba ɗaya a ɗaura kafireto. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 bisa nauyi, injekta kuma aikinsa ke nan, yana gyara awon kowane lokaci. Sauya shi da kafireto daidai yake da ka kori mai awo da mudu ka kawo mai ɗiba da hannu. Ina fahimtar bakaniken, domin kafireto da sukundireba da kunne ake gyara shi a gindin bishiya, shi kuwa injekta yana son na'urar da sai an je birni. Uzuri ne mai ƙarfi. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda mai motar ke dawowa majalisa yana shelar cewa yanzu ne ta daina sha. Ga kuma ƙarin ladan: matatar iska da ta cika da ƙurar hunturu, a motar injekta ƙarfi take ragewa, a motar kafireto kuwa mai take ƙara ci. Ita ma ba a sauya ta, mai faci ke hure ta da iska har sai ta yi tagogi.

Samari nasu fannin daban ne. Su ba tattali suke nema ba, suna suke nema. A huda salansa ta riƙa ruri, a sa faffaɗan rim da tayar da ta fi ƙarfin motar, a kafa fiffike a saman but, a jera fitilu, a ɗaura hon na tirela. Ƙara ba ta ƙara wa inji ƙarfin kirki, ƙafar direba kawai take zugawa, domin wanda ya biya kuɗin ruri dole ya taka totur a ji. Faffaɗar taya ta fi nauyi, ta fi riƙe ƙasa, mai ne ke biyan bambancin. Fiffiken kuwa, an ƙirƙiro shi don motocin tsere masu gudun da ba a yi a hanyar da akwai jakai. A nan amfaninsa ɗaya, ana shanya darduma a kai.

Akwai gudun da ba zan yi wa dariya ba. Wanda ya san hanyoyin da ke gefen Dajin Rugu a shekarun nan ya san dalilin da ke sa direba ya ƙi ɗaga ƙafa a wasu wurare, ya kuma san dalilin da ke sa fasinjan da ya saba cewa "a hankali, direba" ya yi shiru yana jan carbi. Turjiyar iska a gudun kilomita 120 ta ninka ta gudun 80 fiye da sau biyu, tanki kuma yana ji a jikinsa, amma a irin wannan wuri ba wanda ke lissafin lita. Allah shi kawo mana ƙarshen abin. Wanda nake nufi shi ne mai yin wannan gudun tsakanin masallaci da mai shayi.

Sai 'yan dabara. Akwai mai jefa ƙwayar kafur a tanki. Akwai mai ɗaura maganaɗisu a bututun mai, wai yana jera ƙwayoyin fetur sahu-sahu kafin su shiga inji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu wadda ta yi wani tasirin a zo a gani ba, amma mai tallarsu a kasuwa yana da lasifika, ita hukumar ba ta da shi. Akwai kuma gwanin gangara, wanda da ya hango tudu ya ƙare sai ya sa firi, in ya cika gwani ma ya kashe motar ɗungurum. A motar injekta, in ka bar ta cikin giya ka ɗaga ƙafa, birenbos da kansa yake yanke man, a firi kuwa sai ta sha na zaman banza. In an kashe ta kuma, birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Man da aka tara bai cika kofin shayi ba, an sa rai bakwai da akuya a caca.

Abin da zai rage shan man da gaske ba shi da kwarjini, shi ya sa ba ya kasuwa: iskar taya daidai, sababbin fulogi, a mayar da tamostat, a rage buhu, a sassauta ƙafa. Babu ɗaya a ciki da maƙwabci zai gani ya yi maka murna. Awon ma ba wuya: ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa, ka raba. Sai dai tankin Golf lita 55 yake ci, in lita tana naira 1,000, dubu hamsin da biyar ke nan a tashi ɗaya, ga shi kuma sai an yi sau biyu. Wanda ya yi haka a gidan mai a idon jama'a, kafin ya isa gida masu neman rance sun riga shi.

Saboda haka tsarin da ya fi karɓuwa shi ne a cika mota da mutane, a karɓi kuɗinsu, a tsaya wurin ɗan bumburutu a zuba daidai abin da direba ya ƙiyasta da ido. Ƙiyasin yakan yi daidai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ana hango rumfunan gari motar za ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Direba ya fito ya buɗe gaba, ya tsotsi bututu ya tofar, ya jijjiga motar, ya ce datti ne ya hau. Sannan ya leƙo ta taga cikin ladabi: "Hajiya, ku yi zamanku. Maza, a taimaka a ɗan taɓa ta." Dattijon da ya nemi ragi ɗazu aka hana shi zai naɗe babbar riga a kafaɗa ya kama but, akuya na kallonsa ido cikin ido, shi kuwa direba yana ciki riƙe da sitiyari yana ba da umarnin a ƙara ƙarfi, an kusa.