Gadon da Alƙali Ba Ya Rabawa

Na san ku, masu musu. Kafin in buɗe baki har kun yanke hukunci: ƙullutun da ya fito wa yaro a gefen gwiwa jifa ne, kuma kun ma san wadda ta yi. Kishiyar uwa, baiwar Allah! To ku dakata, ku je ku shafa gwiwar uban yaron tukuna. Kun ji tudu? Ku zarce wajen kakansa ku laluba kafaɗa. Shi ma ita ta jefe shi, tun ba a haife ta ba?

Tsiron ƙashi ne, kuma gadonsa ake yi. Yana fitowa a bakin dogayen ƙasusuwa, daidai inda yaro ke ƙara tsawo: gwiwa, kafaɗa, wuyan hannu, idon sawu, wani lokaci har haƙarƙari. Ƙashi ne tsantsa, da 'yar hular guringuntsi a ka. A 1995 da 1996 masu bincike suka kama masu laifin, wasu ƙwayoyin halitta biyu da ake kira EXT1 da EXT2. In uwa ko uba na da shi, kowane ciki rabi da rabi ne, ko ɗa ya ɗauko ko ya tsallake.

"Mu dai ba mu taɓa gani ba." Yo ina za ku gani, abin da sai an ƙirga mutum kusan 50,000 ake samun ɗaya? Kai kuma Alhaji mai rantsuwa da cewa babu shi a danginku, kada ka yi saurin dafa Littafi. Wani nasa ƙanana ne, har ya tsufa babbar riga na rufa masa asiri. Wani kuma a kansa abin ke farawa.

Ku ƙyale mai ɗori ya huta, babu karaya. Wanzami ma ya mayar da ƙahonsa zabira, ƙaho ba ya zuƙo ƙashi. Yawanci tsiron na tsayawa da zarar yaro ya gama tsawo. Likita kan cire wanda ya danne jijiya, ko ya hana gaɓa lanƙwasa, ko yake karkata hannu. Wanda ya farka bayan an girma, yana ƙaruwa yana ciwo, shi ne ba na wasa ba, don ƙalilan sukan rikiɗe su koma daji.

Ku kai yaron Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoto. A hanyar dawowa ku biya Kwari ku sayo wa kishiyar nan turmin atamfa.