Kuɗin Fila

Zuwa ga bawana, taubashina da ke Tambuwal,

Ya Inna da ƙarfin jiki? Saƙonka ya iso, wai birkilan da ka ɗauko daga Kebbe ya ce sai an ƙaro kuɗin fila kafin a kai linta. Tun damina ake wannan fila.

To, tunda gumina take ci, na bi diddiginta. Turawan nan Landan "pillar" suke cewa, kuma su ma aro suka yi. Ta Rumawa ce, da Latin "pila" suke kiran ginshiƙin dutse. Faransawa suka gada. Da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, sai Faransanci ya zama harshen fada, kalmar ta samu wurin zama. Daga baya ta biyo siminti da rodi har ƙasar Sakkwato, bakinmu ya lanƙwasa ta. Kaka kuwa da ginshiƙin ƙasa da azara ya tada zaurensa, bai jira ɗan Landan ya turo fam ba.

Mutanen nan ma ba su san aikin ginshiƙi ba. A dandalin Tarafalga akwai wani mai tsawon kusan mita 52, tun 1843 yake tsaye. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi, ina neman rufin da ya tallafa. Babu! Gunkin wani sojan ruwa ne mai hannu ɗaya, Nelson, can ƙoli shi kaɗai, tattabaru na yi masa yadda suka ga dama. Jan akwatin wasiƙu na bakin titi ma fila suke ce masa, alhali ko kwano ɗaya bai ɗauka ba. Gara Kano Pillars, su dai sun ɗauki kofi a 2008, suka kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014.

Na turo kuɗin. Amma ka ƙirga min filolin ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hotonsu, kai ma ka tsaya a gefe, in ga ko a tumbinka aka zuba kankaren. Na goron Inna daban yake, kada ka sa masa hannu. A gaida Kawu da mutanen Kuchi.

Ubangidanka,
daga Landan