Ranka Ya Daɗe, Alamar Tarawa

A jinjina wa gwarzo, na gaban sahu! Duk wanda ya taɓa buɗe jadawalin albashi ko na kasafin kuɗi a Excel ya gan shi tsaye, ƙirji a buɗe: =+B2*C2. Me yake tarawa? Ba komai. A cire shi, amsar ba za ta motsa ko da kwabo ba. Ai girman ke nan. Ƙananan alamomi su sha wahalar lissafi, babba tsayuwarsa kawai ta isa.

Kuma ɗan asali ne, kada a raina shi. A 1979, da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc, in ka fara rubutu da harafi manhajar ɗauka take yi suna kake sa wa akwatin. Dole ka sa + a gaban B2 kafin ta gane lissafi kake nufi. Lotus 1-2-3 ta zo a 1983 ta gaji wannan al'ada. Excel ta iso a 1985 da alamar daidai, wadda ta karɓe aikin kacokan, amma don kada akantocin Lotus su yi fushi aka bar wa dattijo kujerarsa. IBM ta sayi kamfanin Lotus a 1995, ta daina kula da manhajar 1-2-3 a 2014. Ofishin da ya ɗauke shi aiki an rufe, shi kuwa yana nan yana sa hannu a rajista kowace safiya. Wane ma'aikacin bogi ne ya taɓa yin irin wannan ƙarko?

Magoya bayansa suna da hujja, a ba su haƙƙinsu: a ɓangaren lambobi na gefen dama na yawancin kibod akwai +, babu =, don haka akawu mai sauri ba sai ya ɗaga hannu ba. Madalla. Sai Excel ta liƙa = da kanta, wanda ya gaji jadawalin ya wuni yana tunanin ko wani sirri ne na manyan akantoci. Wasu har kwaikwaya suke yi don a ce sun ƙware. Ko mayar da lambar da ta shigo a matsayin rubutu zuwa lambar lissafi ba ya yi; wannan ƙasƙantaccen aiki sai alamar ɗebewa guda biyu a jere.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen kunya. Wuri ɗaya ake roƙonsa ya tsaya: gaban lambar waya, +234 ta Najeriya ko +227 ta Nijar. Nan ne kawaici ke kama shi. Ka shigar da lambar Najeriya cikakkiya, ya sulale, lambar ta koma 2.34803E+12, ga shi can ya laɓe a tsakiya. In ka sa tazara a tsakanin lambobin, Excel ta ce fomularka na da matsala. Sai ka haɗa shi da Allah, ka sa masa ɗan waƙafin sama a gaba, sannan ya yarda ya zauna.

Ga kuma karamci. In Excel ta buɗe fayil ɗin CSV, duk baƙon da ya fara rubutunsa da + sai a karɓe shi a matsayin fomula, ba a tambayar daga ina yake. Masu kutse sun daɗe suna sa masa albarka.