Zuwa Ga Bazazzagen Da Layinsa Ba Ya Haɗuwa

Malam na Zazzau, bawan Kanawa, ina gaisuwa, da fatan kai da sauran talakawanmu na bayan Kwanar Dangora kuna lafiya. Zanen gidan da ka turo in duba maka ya iso, na buɗe shi a AutoCAD. Daga nesa abin gwanin sha'awa: falo, ɗaki uku, kicin, har da shago a gaba. Da na matso da kusurwar falon sai na tarar bangon gabas da na kudu ba sa ga maciji, akwai rata a tsakaninsu. A kicin kuwa ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa ya yi gaba abinsa, ko waiwaye babu.

Na san cutar. Kana jan layi da LINE, ka kai shi kusa da wani, ka kanne ido ɗaya, ka ce "ya yi", ka danna. To kwamfuta ba ta san "ya yi" ba. A wurinta bakin kowane layi lambobi ne, in na wannan da na wancan suka saɓa ko da rabin milimita, ba su haɗu ba, ko da malaman Zazzau kaf za su taru su ba da fatawa. Maganin kuma yana gabanka a saman allon madannai. Danna F3, manhajar za ta riƙa cafke maka bakin layi da kanta, ta nuna maka ɗan akwati a daidai wurin. Danna F8, layinka ya miƙe sak, a kwance ko a tsaye. Tun 1982 kamfanin Autodesk ya fito da manhajar nan, ku kuma tun 1962 kuke da jami'a a ƙofar gida, amma har yau kai da ido kake awo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne garinku ne garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaga bakan gizo, wannan ya taso daga nan, wancan daga can, suka haɗu a sama ba rata. Ba lantarki, ba kwamfuta. Kai ga fanka a kanka, ga shayi a gefe, ka kasa haɗa layi biyu a kwance. In ana lissafin jikokinsa, don Allah ka riƙa yin shiru.

Za ka ce ai magini ba zai ga ratar ba in an buga a takarda. Gaskiya ne, amma kafin a kai ga takardar akwai aiki. Da na so shafa wa falon alamar tayil da HATCH, sai manhajar ta ƙi, ta zana min jajayen da'irori a inda bangon ya yi baki. Da ka zagaye falon da PLINE, ka rubuta C a ƙarshe ya rufe kansa, da duk wannan bai taso ba. Shi PLINE carbi ne: duk yawan 'ya'yansa zare ɗaya ya ratsa su, ka ɗaga ɗaya sauran su biyo. Ka taɓa shi sau ɗaya ya gaya maka falo mai mita 4 da mita 5 faɗinsa murabba'in mita 20 ne, kewayensa mita 18. Ka ba shi OFFSET na milimita 225, kaurin bulo inci tara, bangon ya fito gaba ɗaya da kusurwoyinsa tsaf. Naka kuwa sai an bi layi huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan a dawo ana gyaran kusurwa.

Na ji ka tun daga nan kana cewa Bakano bai san komai ba sai lissafin kuɗi. E, na yarda. Mu ne za mu je kasuwa sayen tayil ɗin, kuma mai shago ba ya karɓar Turanci a madadin kwali biyun da suka gaza.

Yanzu ga yadda za ka rufa wa kanka asiri. Layin da ya gaza, kada ka kama wutsiyarsa kana ja da hannu. EXTEND zai kai shi har jikin bangon da ke gabansa ya tsaya cak. Wanda ya zarce, TRIM ya datse shi, kuma in kana cikin ɗayansu ka danne Shift sai ya yi aikin ɗayan. Kusurwa kuwa akwai gajeriyar hanya: FILLET, ka sa lanƙwasar a sifili, ka taɓa layin nan ka taɓa wancan. Na gajere ya ƙaru, na dogo ya ragu, su haɗu a tsini ɗaya. Sai bayan nan za ka kira JOIN ya ɗaure su su zama abu guda. JOIN ba ya sulhunta bango biyu masu kusurwa in bakinsu bai taɓa juna ba. In ratar ta yi yawa a zanen har ka gaji, PEDIT na da zaɓin haɗa layuka da yawa a lokaci guda, ka gaya masa iyakar ratar da ka yafe, ya cike ta.

Akwai kuma wadda ta fi ba ni dariya. Layi biyu na katangar baya sun haɗu sarai in an duba daga sama, amma JOIN ya ƙi su. Da na leƙa bayanansu sai na ga ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana shawagi a sama, don lambar Z ɗinsu ba ɗaya ba ce. Na san daga zanen mai awon fili ka kwafo shi da tsayinsa. Mayar da Z ɗin sifili, ko ka sa FLATTEN ya sauko da kowa ƙasa. Girman kan Zagezagi ya isa haka, ba sai katanga ta taya ku ba. Sannan bangon shagon nan layi uku ne kwance a kan juna, da alama duk lokacin da ka yi shakka sai ka ƙara wani. OVERKILL zai share maimaicin.

Ka gyara ka sake turowa kafin ranar cika-ciki, ka haɗo da kuɗin sharata na bana da na bara. In ba haka ba, zan buga kusurwar falon nan da girma in kai wa ɗalibanka su gani.