Motocin Fiat Uku a Ƙasan Bahar Maliya

Ƙanin kakana ya bar Kano a ƙasa da niyyar sauke farali, ya ratsa Barno da Cadi har bakin Bahar Maliya. Ya haye Jidda ya yi Hajjinsa, amma a hanyar dawowa guzuri ya ƙare masa a Fot Sudan, aure kuma ya samu. Shi ya sa muke da dangi a can, masu Hausa gauraye da Larabci. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 na kai musu ziyara, ni da nake sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Sana'ar nan ce ta ja mini.

Wata yamma muna shan jabana, gahawarsu mai citta, sai ɗan Baffana, wanda ke aiki a jirgin masu yawon buɗe ido, ya ce, "Yaya, ka san akwai Fiat guda uku a nan kusa, tun 1940 ba wanda ya tayar da su?"

Na ajiye finjali. "Mai su fa?"

"Ba mai su."

"Kwastan fa?"

"Kwastan ba sa zuwa wurin."

Duk ɗan kasuwar da ya ji haka bai miƙe ba, a duba lafiyarsa. Sai da na sa hula sannan ya ƙara da cewa a ƙasan teku suke. Baffa ya tambaye ni ko na iya ruwa. Na ce, "Haba Baffa, ni da na yi wanka a dam ɗin Tiga?" Ban ga dalilin faɗa masa cewa ruwan iya gwiwa ya tsaya mini ba.

Aka haɗa ni da malamin nutso, wani siririn Basudane da ke kiran kowa "ya zol". Ya miƙo rigar roba, na yi ta kokawa da ita har na shige, na ja zif a ƙirji ina haki. Ya ce zif ɗin a baya yake, a sake. Ya ce in tofa yawu a cikin tabarau in goge don kada ya yi hazo, ni da girmana, a gaban jama'a. Sannan ya ɗaura mini ɗamarar dalma. Mutum zai faɗa teku, maimakon a ba shi abin da zai tallafe shi, sai a ƙara masa nauyi, a goya masa tukunyar iska, a ce ya kwantar da hankalinsa.

Muka yi 'yan kwanaki a ruwa marar zurfi yana koya mini dokoki. Kada ka riƙe numfashi. In kunne ya fara ciwo, ka toshe hanci ka hura a hankali, domin duk mita 10 da ka nutsa, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanka a tudu. Kada ka taso da sauri. Kada ka taɓa komai. Duk na ce to.

Ranar tafiya, a cikin kwalekwale mai inji, ɗan Baffa ya ba ni tarihi. Sunan jirgin Umbria, tsawonsa kimanin mita 150. A Hambug ta Jamus aka ƙera shi, Italiya ta saye shi a 1935. A watan Yunin 1940 yana kan hanyar Eritriya sojojin ruwan Ingila suka tsare shi a gefen duwatsun murjani na Wingate, har suka zuba masa masu gadi. Ranar 10 ga wata kyaftin ɗinsa, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi. Sai ya nemi izinin yin atisayen ceto, mutanensa kuwa suna can ƙasa suna buɗe wa ruwa hanya. Kafin Turawan Ingila su farga, jirgi ya fara nutsewa.

Na ce, "Wane irin kaya ne haka har mutum zai nutsar da jirginsa a kai?"

Ya ce, "Siminti, Yaya, da kwalabe, da motocin nan, da sauran tarkace."

Aka zaunar da ni a gefen kwalekwale, aka ce in faɗa ta baya. Ina cikin tambayar dalili wani ya taimaka mini. Muka fara sauka, malam ya dube ni, ni kuwa na ɗaga masa babban yatsa, wato komai lafiya. Sai ya cafki hannuna ya fito da ni. A wurin masu nutso babban yatsa sama na nufin "a fitar da ni". Ya faɗa mini tun ranar farko, amma lokacin ina fama da zif.

Da muka koma, gani ya kori ji. Jirgin na kwance a kan haƙarƙarinsa na hagu, sashensa na sama bai fi mita 5 daga saman ruwa ba, na ƙasa ya doshi mita 38. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, kifaye na shiga ta wannan taga suna fita ta waccan. Da na hango farfelarsa, wadda ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, na fara lissafin abin da 'yan gwangwan za su biya a kilo.

Muka isa bakin wani ɗakin kaya, malam ya haska tocila. Ga wasu dogayen ƙarafa masu ƙiba, an jera su sahu-sahu kamar dalar gyaɗa. Zuciyata ta ce salansa! Sababbi, ba a taɓa ɗaura su ba! Na miƙa hannu zan ƙwanƙwasa ɗaya in ji kaurin ƙarfen, yadda muke yi a kasuwa. Malam ya damƙe wuyan hannuna. Ya dunƙule hannayensa biyu, ya watsa su, ya kumbura kumatu. Sannan ya ɗauko ɗan allon da ke rataye a ƙugunsa ya rubuta 360,000.

Bama-baman jirgin sama ne.

Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, sai dai ƙafar tana cikin takalmin agwagwa. Na nufi sama, malam ya riƙo falmarata ta baya, ina ta harbin ruwa ba na zuwa ko'ina. Agogon iskata da ya fara da 200 ya gangaro 50. A hankali ya taso da ni, da muka kai mita 5 kuma ya tsayar da ni, ya ɗaga yatsu uku. Doka ce, sai an dakata minti uku don jiki ya rage iskar naitirojin da ya sha. Minti uku ina reto a saman bom. Ba addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa, duk kumfa suka zama.

Ina fitowa na tofar da bututu na ce, "Kai! Wannan ne sauran tarkace?"

Ɗan Baffa ya ce, "Da na faɗa maka, Yaya, ai ba za ka zo ba."

Malam ya ce, "Ya zol, kwantar da hankalinka. Ba a ɗaura musu abin tayarwa ba, yana cikin akwatuna daban."

"Akwatunan suna ina?"

"A cikin jirgin."

Motoci dai ban gan su ba, suna can ciki inda ba a kai ɗan koyo. Na ce a nemo mini tikitin jirgin sama a daren. Malam ya ce wanda ya yi nutso ba ya hawa sama sai ya kwana, in ba haka ba iskar da ta rage a jininsa ta yi kumfa.

A gida Baffa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma tun yana yaro yake jin ana cewa in suka tashi har cikin gari sai an ji a jika, kuma ga shi ya yi furfura. Na roƙi Inna ta sauya mini ɗaki zuwa wanda ya fi nisa da teku. Ta ce, "Akwai, ɗana, amma awaki ne a ciki."

Na ce, "Inna, su matsa."