Lauyan Dame na Aboabo

A Aboabo, kamar ko'ina a Zongon Kumasi, ba a buga dame shiru. Mutum biyu ke riƙe da allo a kan gwiwa, goma na tsaye a kansu, kowa da bakinsa. Ana maka ɗa a katako har mai koko ta tsallaken titi ta jiyo, ana gori da Hausa da yaren Tonawa, ataya na zagayawa. Ni dai ban taɓa gwaninta ba, amma ina da waya, kuma ina da data.

A wayar na gano cewa wasan yana da hukuma ta duniya, FMJD, tun 1947, kuma dokarta ta sha bamban da tamu. Allon ɗaya ne, gida ɗari, kowa da 'ya'ya ashirin. Sai dai a wajensu, in ci biyu ya buɗe maka, dole ka bi wanda ya fi yawa. Mu kuwa ka zaɓi wanda ranka ke so. A wajenmu wanda ɗa guda ya rage masa ya faɗi, su kuwa sai an ƙarasa shi.

Na haddace wannan tsaf, na jira ranar da zan kara da wani tsohon tela, gwanin majalisarmu. Yana ɗaga hannu zai ci ɗaya ya bar biyu, na ce, "Baba, dakata. Doka ta hana."

"Dokar wa?"

Na zaro waya. Na yi bayanin hukuma, na kawo Baba Sy na Senegal, zakaran duniya na 1963, don a san ba da wasa na zo ba. Ataya ya huce. Wani ya ce a kira direban tashar Kejetia ya mayar da ni makaranta. Yanzu in na tuna, abin da ya ƙona musu rai shi ne na tsayar da wasa ana tsakiyar daɗi, kuma ban tuna da doka ba sai da ta zo daidai da aljihuna. An ce masu Dungeons & Dragons, wasan labari da ya fito a Amurka a 1974, suna fama da irina; shi ya sa a can mai jan ragamar labari ke yanke hukunci, ko littafi ya yarda ko bai yarda ba. A majalisarmu furfura ce ke yankewa.

Baba ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "To, ɗana. Mu yi na Turai."

Abin da ban karanta ba shi ne, dokar cin mafi yawa igiya ce a hannun gwani. Ya miƙo mini biyu, dole na ci. Ya sake miƙo biyu, dole na ci, ina murmushi kamar ragon layya da aka ƙara wa dusa. Sai hannunsa ya bi allon, kwas, kwas, kwas, ya sauka a gidana ya naɗa sarki. Kafin la'asar ɗa ɗaya ya rage mini.

Na miƙe na ce na faɗi. Hannaye huɗu suka danna kafaɗata. "Zauna, Lauya! A Turai sai an ƙarasa." Baba kuwa ya ƙi ƙarasawa. Ya riƙa zagaya ɗan nan nawa, yana kurɓar shayi, yana tambayata ko akwai wani sashe da ya hana. Har yaran makarantar allo aka kira su zo kallo.

Washegari majalisa ta yi zama ta ba ni muƙami: alƙalin wasa. Aka ce alƙali ba ya bugawa, kuma a sabuwar dokarsu shi ke sayen sukari da gawayi. Na nemi a nuna mini inda aka rubuta haka. Baba ya ce in duba waya.