Wai Sabuwar Na'ura Ba Ta Ɗaukar Tsohon Gem? Zo Mu Zauna

Ka ce me? Wai sabbin na'urorin gem ba sa iya buga wasannin tsofaffi, duk romon baka ne na 'yan kasuwa? To gyara zama, mutumina, ka miƙo wayar nan mu gani. Wancan shuɗin tambarin fa? PPSSPP ko? Ashe ƙwallon da kake bugawa a bas mai lamba 192 daga Longsight zuwa Piccadilly ta PSP ce, na'urar da Sony ta fitar a 2004. Wayarka ba ta haɗa uwa ko uba da ita ba, amma ga ta tana kwaikwayonta tiryan-tiryan. Abin da kake rantsuwa ba ya yiwuwa, shi ya sa ka wuce tasharka jiya.

Ka ce ai wannan shiririta ce ta yaran intanet? A Manchester kake faɗin haka, ko kunya babu? Taka zuwa Sackville Gardens, akwai mutum-mutumin Alan Turing zaune a benci da tuffa a hannu. Tun 1936 ya nuna a rubuce cewa na'ura guda za ta iya kwaikwayon aikin kowace na'urar lissafi, muddin an ba ta cikakken bayaninta. A garin nan kuma, ranar 21 ga Yunin 1948, kwamfutar da ake kira Baby ta fara gudanar da manhajar da ta adana a cikinta. Je ka yi musu da shi, ba ya tashi daga bencin.

Abin ba tsafi ba ne, tafinta ne. Tsohon wasa yana magana da yaren tsohuwar na'ura, sabuwa ba ta ji, sai a sa manhaja a tsakani tana fassara kowane umarni nan take. Sharaɗin dai tafintan ya fi mai maganar saurin baki nesa ba kusa ba.

Yauwa, yanzu kuma ka juya: tunda sabuwa ta fi ƙarfi, komai za ta haɗiye? Sannu, sarkin zaƙewa! Sayo faifan PS2 a shagon gwanjo ka zura wa PS5, ka ga yadda za ta yi maka kallon baƙo. Na PS4 take karɓa, don ƙwaƙwalensu 'yan gida ɗaya ne, daga kamfanin AMD. PS3 kuwa ita ce ƙadangaren bakin tulu. Ƙwaƙwalwarta mai suna Cell babba ɗaya ce da ƙanana bakwai, duk suna surutu lokaci guda, tafinta ya rasa wa zai saurara. Shi ya sa Sony ke turo wasanninta ta intanet daga nata injinan, ga wanda ya biya. PS2 da kake yabo don tana buga faifan PS1, wayo aka yi: ƙwaƙwalwar tsohuwar aka dasa mata a ciki. Microsoft kuma a 2015 ta fara koya wa Xbox One ɗaukar ɗaruruwan wasannin Xbox 360. Ka ga wani wurin wuya ce ta hana, wani wurin kuma kamfani ne ya duba aljihunsa ya ce a bari tukuna.

Ina jiyo dariyar wani Alhajin Birmingham tun daga Small Heath, wai mutanen Manchester sun cika baki. Alhaji, a yi haƙuri, kai ma da naka. A shekarun 1980 Manchester na da kamfanin Ocean, ku kuna da U.S. Gold, suna sayar da wasanni a kaset irin na rediyo, a jira mintoci yana ƙiiii kafin hoto ya fito. ZX Spectrum da ake buga su a kai kilobayit 48 ce ƙwaƙwalwarta. Hoton ɗaurin aure guda da aka turo maka a WhatsApp ya fi ƙarfin cikinta. A Twycross, nan kusa da ku, kamfanin Rare ya tattara wasanninsa 30 a faifai ɗaya a 2015, har da Jetpac na 1983. Me kake tsammani ya tashe shi daga kabari?

Mu dawo gare ka, mutumina. Ka ce sata ce? Nan kam ka taɓo gaskiya, amma rabinta. A 2000 wata kotun Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony game da manhajar kwaikwayon PlayStation. Abin dariya, da Sony ta fitar da ƙaramar PlayStation Classic a 2018, manhajar 'yan sa-kai ta sa a ciki. Nintendo ma kwaikwayon take sayar maka a Switch, kana biyan kuɗin rajista kana murna. Sai dai masu manhajar kwaikwayo ta Yuzu sun taɓa wasannin da ke kasuwa, a 2024 suka amince da biyan dala miliyan 2.4 suka rufe shago. Ita kuwa 'yar na'urar hannun nan da ka sayo wa yaronka Abba, mai alƙawarin wasanni dubu goma a kati ɗaya, kada ka tambaye ni wa ya ba da izini. Kai ma ba ka tambaya ba.

Saura hujjarka ta ƙarshe: wai ba daɗi kamar na da. Wani abin na yarda. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt ba ta aiki da talabijin shafal, sai mai ƙaton ƙeya. Amma Sonic da aka sayar a Ingila, na tsarin PAL, hoto 50 yake nunawa a daƙiƙa maimakon 60 na Japan da Amurka, don haka yanzu da kake kukan an ƙara masa gudu, asalin gudunsa ke nan. Kai ne aka raina da mai tafiyar hawainiya.

In kuma ka nace cewa jinkirin manhaja ne ya sa Abba ya zura maka biyar ba ko ɗaya, magani na kusa. Arcade Club na nan a Bury, cike da injinan asali. Ɗauki yaron ku je ranar Asabar. Ka dai tanadi wani uzurin tun daga gida, don wancan na "hannun nan ya lalace" tun a gidan gem na Kano aka daina karɓarsa.